Babi na Uku: Aikin Tiyatar Ƙashi da Gashin Ƙashi a Yankin Falgore

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin ɗorin gargajiya. Wannan babi kuwa zai dubi aikin tiyatar da ake yi wa masu karaya a asibiti, da kuma gashin ƙashin da ke biyo baya. Manufar ita ce a nuna cewa tiyata ƙashi kawai take haɗawa, gashi shi ne ke mayar da ƙafa bakin aikinta.

3.1 Karaya a Yankin Falgore

Hanyar Kano zuwa Jos ta bi ta Tudun Wada, ta ratsa dajin Falgore, ta wuce Doguwa. Hatsarin mota da na babur a irin wannan hanya yakan jawo karayar cinya da ta ƙwauri. Idan karayar ta yi tsanani, akan miƙa majiyyaci zuwa Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe a shekarar 1959. Tsakanin dajin da birnin Kano kuwa akwai kimanin kilomita 150.

3.2 Ire-iren Tiyatar Ƙashi

Da farko akwai sanya ƙarfe. Bayan an ɗauki hoton ƙashi, likita yakan zura dogon ƙarfe ta cikin ramin ɓargo domin ya riƙe ɓangarorin biyu. Wani likitan Jamus mai suna Gerhard Küntscher ne ya fara wannan aiki a shekarar 1939. Wani lokaci kuma faifan ƙarfe ake ɗorawa a jikin ƙashin, a ɗaure shi da kusoshi.

Na biyu shi ne sauya kan ƙashin kwatangwalo da na ƙarfe, wanda aka fi yi wa tsofaffi da masu amosanin jini.

Na uku shi ne yanke hannu ko ƙafa. Wannan yakan zama dole idan an ɗaure karaya tamau har jini ya daina gudana, naman wurin ya ruɓe.

3.3 Gashin Ƙashi Bayan Tiyata

Ko da yake ana kiransa gashi, yawancin aikin motsa jiki ne, ba ɗumama wuri kaɗai ba. Dalili kuwa shi ne, ƙafar da ta yi makonni a kwance namanta yakan tsotse, gwiwa kuma ta sandare. Saboda haka tun a kwanakin farko ake sa majiyyaci ya riƙa motsa idon sawu, don kada jini ya daskare a jijiya. Daga nan sai lanƙwasa gwiwa, sai tafiya da sanduna biyu, sannan a ɗora wa ƙafar nauyi kaɗan-kaɗan bisa iznin likita. Ƙashin cinyar babban mutum yakan ɗauki wata 3 zuwa 6 kafin ya haɗe sosai. Wanda aka yanke wa ƙafa kuwa, sai an horar da dungulmin kafin a sa masa ƙafar roba.

Wannan mataki yana da muhimmanci ƙwarai ga mutanen wannan yanki, domin yawancinsu manoma ne. Sunkuyon noma da tsugunno da hawan babur da zaman tahiya duk suna bukatar gwiwa mai lanƙwasuwa. Sai dai nisa da kuɗin mota sukan sa majiyyaci ya daina komawa asibiti da zarar miki ya warke. Idan haka ta faru, ƙashi yana iya haɗewa lafiya lau, amma gwiwa ta ƙage, har ta kai sai an sake wani aikin.

3.4 Naɗewa

A taƙaice, sallama daga asibiti ba ita ce warkewa ba. Ya kamata a koya wa majiyyaci da mai jinyarsa motsin da za su riƙa yi a gida kullum, su kuma kiyaye ranakun komawa ganin likita. Babi na gaba zai kwatanta wannan hanya da ta maɗoran gargajiya.