Ƙarfen Da Zafi Ba Ya Miƙar Da Shi

Wanda duk ya tsaya a tashar jirgin ƙasa ta Sabon Garin Zariya, in ya dubi dogo da kyau, zai ga an bar ɗan tsakani inda ƙarfe ya sadu da ƙarfe. Ba kuskuren ma'aikata ba ne. Zafi ya kan miƙar da ƙarfe. Dogo mai tsawon mita 12, in zafi ya ƙaru da digiri 30, sai ya ƙara wajen milimita 4. Da ba a bar masa wuri ba, da rana ta kantare shi, jirgi ya goce.

To, ashe akwai ƙarfen da ya ƙi wannan hali. Cikin 1896 wani masani, Guillaume, ya gama baƙin ƙarfe kashi 64 da nikel kashi 36, ya tarar gamin nan kusan ba ya miƙewa. Aka sa masa suna Invar.

Asirin yana wurin maganaɗisu. Ƙarfin maganaɗisun da ke cikinsa ya kan ɗan buɗa ƙwayoyinsa. In zafi ya hau, ƙarfin nan ya ragu, sai ƙwayoyin su matso. Watau zafi na turawa, maganaɗisu na sakewa, tsawon ya tsaya inda ya ke.

Ƙwayoyin ƙarfe kuwa a jere su ke, kamar sahun salla. Amma cikin 1960, a Amurka, Duwez da almajiransa suka sanyaya narkakken gami farat ɗaya, har ƙwayoyin ba su sami damar jeruwa ba, suka daskare barkatai kamar na gilashi. Daga baya masanan Japan suka ga irin wannan gami, na baƙin ƙarfe da boron, shi ma ba ya miƙewa sosai. Ashe abin ba ga jeri ya dogara ba.

Ƙarfen nan maras jeri yana da wani amfani kuma. Maganaɗisu na juyawa cikinsa da sauƙi, saboda haka in aka yi cikin taransifoma da shi, wutar da cikin ke ɓatarwa ta zama zafi ta kan ragu da wajen kashi biyu cikin uku. A ƙasar da lantarki bai wadata ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ɗaliban Samaru masu koyon aikin ƙarfe, ga fage.