Matani da Hashiya a Kan Allon VASSAL

Duk wanda ya taɓa zama a gindin bishiya bayan la'asar yana kallon 'yan dara ya san cewa wasan allo ba ya son kome illa wuri da 'ya'ya da abokin karawa. Amma a Turai da Amurka akwai wani jinsin wasa na dabarun yaƙi, wanda allonsa taswira ce shimfiɗe bisa tebur, 'ya'yansa kuwa ɗaruruwan gutsattsarin kwali, kowanne da lambobinsa. Daga cikin mashahuransu akwai Advanced Squad Leader, wanda kamfanin Avalon Hill na birnin Baltimore ya fitar a 1985 game da Yaƙin Duniya na Biyu. Da yake ma'abota wasan ƙalilan ne, ga su kuma warwatse cikin ƙasashe, sai wani mutum, Rodney Kinney, ya rubuta musu manhaja mai suna VASL a shekarun 1990, wadda daga bisani aka faɗaɗa ta ta zama VASSAL, ana ba da ita kyauta har yau.

Wajibi ne mai karatu ya fahimci cewa ita VASSAL tebur ce kawai, ba ta karawa da kai, galibi ma ba ta yin hukunci tsakaninka da abokinka. Wasannin da ake ɗora mata aikin sa kai ne na waɗansu bayin Allah, masu kwana suna zana taswira da 'ya'ya ba don ladan kuɗi ba, kuma ni a ganina sun fi kama da magabatanmu masu kwafar littattafai da alƙalami, waɗanda ba don juriyarsu ba da ilmi mai yawa ya salwanta. Fayil ɗin wasan kansa, mai ƙarewa da .vmod, shi ne matani. Ƙare-ƙaren da wasu ke yi masa, na sababbin rundunoni ko filayen daga, masu ƙarewa da .vmdx, su ne hashiya, wadda ba ta da ma'ana sai a gefen mataninta.

Ɗora matani ba wuya: ka sauke shi, ka buɗe shi daga cikin manhajar, ya shiga jerin wasanninka. Sai dai akwai wani tarko. Fayil ɗin a haƙiƙa ƙunshi ne irin na zip, har wani lokaci kwamfuta kan sauya masa suna zuwa haka. Na taɓa zama kusa da wani saurayi da ya kwance ƙunshin, hotuna fiye da ɗari suka watsu masa a allo, ya dafe kai yana zaton wasan ya lalace, alhali maganin bai wuce ya bar shi a ƙulle ya mayar masa da sunansa na asali ba. Ita kuwa hashiya masaukinta wata folda ce a maƙwabtaka da matanin, mai ɗauke da sunansa harafi da harafi, sa'an nan a ƙara _ext a ƙarshe. In harafi ɗaya ya saɓa, manhajar za ta wuce ta kamar ba ta nan.

Inda na fi so a yi hattara shi ne muƙabala, wato gwada nuskha da nuskha. Tsofaffin fitowar manhajar, irin su 3.2, sai an girka musu wata manhaja mai suna Java daban, kuma matanin da aka adana da sabuwa ba lalle ya buɗu a tsohuwa ba. Haka nan idan kai kana da hashiyar da abokinka ba shi da ita, kana iya tura runduna gaba shi kuwa bai ga surarta ba. Saboda haka kafin a jefa ƙuri'ar fari, ya kamata kowa ya karanta wa ɗan'uwansa lambar manhajarsa da ta mataninsa da sunayen hashiyoyinsa. Masu wasa ta imel, waɗanda ke musayar fayil ɗin .vlog har wasa ɗaya ya kai wata shida, su ne suka fi buƙatar wannan, domin sabuwar nuskha tana iya fitowa suna tsakiyar daga. Sai su ajiye ta gefe, su ci gaba da tsohuwar har a ga wanda ya ci garin.