Daga shirinmu na wannan mako: Ɗan lambu a tsakar gida, wurin sauke ɓacin ran kan iyaka

 Duk wanda ya taɓa wuni a gadar Ngueli, tsakanin Kusuri da Njamena, ya san abin da ake kira ɓacin rai. Kaya na kan mota, takarda ta maƙale a ofis, canjin naira da sefa ya juya maka baya. Kai kuma makiyayi, ka koro dabba daga nesa, dillali ya taya maka kuɗin da bai kai na dusa ba. Tambayarmu ita ce: da yamma ina kake kai wannan zafin? Sau da yawa a kan uwargida da yara ake sauke shi, alhali ba su san hawa ba balle sauka.

Shawararmu a nan ita ce lambu. Ba irin manyan fadamun bakin kogin Shari muke nufi ba. A unguwa kamar Abena, inda gida ke manne da gida, buhun siminti uku da tsohuwar taya sun isa.

Me ya sa yake taimakawa? A bakin iyaka komai a hannun wani yake, kai naka jira. A lambu kuwa kai ke da iko: ka zuba ruwa, gobe ka ga ganye ya miƙe. Sunkuyo da ɗaukar bokiti suna motsa jiki, hannu yana aiki, waya tana aljihu. Kafin a kira magariba zuciya ta ɗan huce.

Yadda za ka fara: huda gindin buhu don ruwa ya riƙa tsiyaya, ka cika shi da ƙasa gauraye da taki. Malam makiyayi, nan kai ne mai arziki, amma kashin shanu sai ya bushe ya ruɓe, don ɗanye yana ƙona shuka. Alayyafo yakan isa tsinka cikin wata guda, kuɓewa wajen wata biyu. Zogale yana jure ƙishi, ya dace da mai yawan tafiya. A watan Afrilu da Mayu, da zafin Njamena ke haura digiri 40, yi ban ruwa da asuba ko da yamma, ka yi wa buhunan rumfa. Ruwan alwala da na wanke shinkafa kada a zubar, amma ban da mai omo. Ka kewaye da ƙaya ko raga, don akuyar maƙwabta ba ta san wahalarka ba.

In tafiyar Maiduguri ko Garwa ta kama ka, ka bar wa yaro amanar ban ruwa, shi ma ya koyi wani abu.

Sai dai fa a kula: lambu ba asibiti ba ne. In barci ya ƙaurace maka, kai na sarawa kullum, ko ƙirji na bugawa, je ka a auna jininka. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya tsare mana dukiyoyinmu. Sai mako mai zuwa.