Yadda Ake Cire Fankar Injin Akori-Kura

Kowace Juma'a kasuwar Wudil takan cika. Motocin akori-kura sukan bi ta kan gadar Wudil ɗauke da tumaki da awaki da buhunan hatsi. Tun da aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna a 1975 irin wannan mota ta yawaita a ƙauyukanmu. Daga baya Toyota Hilux ta shigo. Mutane da yawa a Sabon Garin Wudil da ita suke cin abinci, ko direba, ko yaron mota, ko bakanike. Saboda haka ya kamata mu san abin da ke hana injinta ƙonewa.

Aikin fanka

Inji yana zafi idan yana aiki. Ruwa ne yake zagayawa a cikinsa, ya kwashe zafin ya kai lagireto. A can iska ta sanyaya ruwan, sa'an nan ya koma cikin inji.

Idan mota tana gudu a kan titi, iska takan shiga lagireto da kanta. Amma idan ta shiga cunkoson kasuwa da kaya niƙi-niƙi, ga zafin bazara, iskar ba ta isa. A nan fanka take aikinta. Tana bayan lagireto, ita ce take jawo iska ta ratsa shi. In ta lalace, ruwa ya tafasa, inji ya ƙone. Kuɗin gyaran inji kuwa ya ninka kuɗin fanka sau da yawa.

Yaushe ake cire ta?

Ana cire fanka idan reshenta ya tsage ko ya lanƙwashe. Ana kuma cire ta idan za a canja famfon ruwa na inji, gama a gabansa take ɗaure. Kada ka raina ƙaramar tsaga. Reshe mai tsaga yana iya ɓallewa inji na gudu, ya huda lagireto, ko ya ji wa na kusa ciwo. Ba a liƙe shi, ba a miƙar da shi da guduma. Sabuwar fanka ake sawa.

Kafin ka fara

Ka ajiye mota a wuri mai lebur. Ka ja hambirki, ka sa dutse a bayan taya. Ka kashe inji, ka zare makulli ka sa a aljihunka, don kada wani ya tayar da mota hannunka yana ciki.

Ka jira inji ya huce sarai. Kada ka buɗe murfin lagireto da zafinsa, ruwan zai yi tsartuwa ya ƙona maka fuska.

Ka kwance wayar batir, wadda take wajen alamar ragewa (–). Wasu motoci fankarsu ta lantarki ce, tana iya tashi da kanta ko da an kashe inji.

Ka naɗe hannun rigarka. Babbar riga ba ta aikin inji ba ce.

Yadda ake cirewa

1. Ka sa alamar alli a gefen fanka da ke duban lagireto. Da ita za ka gane gaba da baya ranar mayarwa.

2. Ka kwance notunan kwandon robar da ya kewaye fanka, ka tura shi baya wajen inji.

3. Ka zura kwali tsakanin fanka da lagireto. Jikin lagireto ba shi da kauri, sifana in ta kuɓuce sai ta huda shi.

4. Ka sassauta notunan fanka tun fambel yana ɗaure, domin shi zai riƙe maka kada ta juya. Galibi notuna 4 ne, sifana lamba 10 ko 12 take kama su. Kada ka riƙe reshe ka yi ta ja da ƙarfi, zai karye.

5. Wata motar babban noti ɗaya ne a tsakiya. Irin wannan sau da yawa a juye yake, watau wajen da aka saba ɗaurewa nan ne wajen kwance shi. In ya ƙi, ka dakata ka tambayi bakanike. Tambaya ba ta ɓad da mutum.

6. Yanzu ka sassauta fambel. Ka ƙarasa kwance notunan, ka zuba su cikin gwangwani don kada su ɓace a ƙasa.

7. Ka ɗago fanka da kwandonta tare, a hankali.

Wasu fankoki suna da ƙarfe mai tsaga-tsaga a tsakiyarsu, da mai a cikinsa. Irin wannan ka jingine ta a tsaye kamar yadda take a mota. In ka kwantar da ita, man yana iya tsiyayewa.

Mayarwa

Ka bi matakan nan daga ƙarshe zuwa farko. Ka dubi alamar allinka, gama fankar da aka juya ba ta jan iska sosai. Ka ɗaure notuna kaɗan-kaɗan, wannan sa'an nan na daura da shi, har duk su kama daidai. Ka ja fambel, ka danna shi da babban yatsa, ya lotsa kaɗan kawai. Ka cire kwalin. Ka juya fanka da hannu ka ga ba ta taɓa kome. Ka ƙirga sifanunka. Sa'an nan ka mayar da wayar batir, ka ja baya, a tayar da inji.

Jama'a, aikin nan ba shi da wuya, amma ba ya son gaggawa. Fanka tana da kasuwa, yatsa ba shi da ita.

Tambayoyi

1. Don me mota ta fi yin zafi a cikin cunkoso?
2. Wace waya ake kwancewa kafin a taɓa fanka?
3. Mene ne amfanin kwali a wannan aiki?