Matasa da Labaran Jaruntaka

A 2005 Rick Riordan ya fitar da littafinsa na farko kan Percy Jackson, yaron da ya kasance ɗan Poseidon, gunkin teku na Girkawan da. Matasan Amurka suka yi masa caa, domin marubucin ya ɗauko tsohon labari ya dasa shi cikin zamaninsu.

Wannan sha'awa ba baƙuwa ba ce gare mu. Tun 1934 Bello Kagara ya gwabza Ganɗoki da aljannu, Ahmadu Ingawa kuma ya ari jarumin Rashawa ya raɗa masa Iliya Ɗan Maiƙarfi.

To, me za mu miƙa wa ɗalibin Funtuwa ko Malumfashi? Ga Bayajida da macijin rijiyar Kusugu suna jiran alƙalami. In marubutanmu suka yi sake, jaruman wasu ne za su mallake zukatan 'ya'yanmu.