Zango ɗaya, bakuna da yawa: wa zai fara magana?

Duk wanda ya taɓa riƙe rediyon oba-oba ya san abin: in mutum biyu suka danna maɓalli lokaci guda bisa zango ɗaya, ba a jin kowa sai ƙara. A wayar salula, eriyar kamfani ce ke raba wa kowa lokacinsa. To, ina na'urorin da ke yawo ba shugaba, kamar na ƴan agaji bayan ambaliya ta kada eriya?

A 1971, a jami'ar Hawai, Norman Abramson ya ƙaddamar da tsarin ALOHA: kowa ya aika saƙo in ya ga dama, in an yi karo ya ɗan jinkirta ya sake. Asarar ta yi yawa, don kashi 18 cikin 100 kaɗai na ƙarfin zangon ake mora.

Sai aka ce kowa ya saurara kafin ya buɗe baki. Nan ma da sauran rina a kaba. Mu ɗauki motoci uku jere bisa hanyar Agadas: ta gaba da ta baya ba su jin juna saboda nisa, kowace na zaton shiru ne, sai duka biyu su aika wa ta tsakiya, saƙonnin su cakuɗe. Kleinrock da Tobagi sun nazarci wannan a 1975.

Dabarar Phil Karn ta 1990 ita ce sallama: mai aikawa ya nemi izini a taƙaice, mai karɓa ya amsa tare da faɗin tsawon saƙon, duk wanda ya ji amsar ya yi shiru har a gama. Ƙa'idar Wi-Fi ta 1997 ta ɗauke ta, ko da yake in saƙo gajere ne sallamar kan ci lokaci fiye da amfaninta, shi ya sa na'urori da yawa ke barin ta.