Sunan da ke Jikin Wuƙa Ba Shi ne Kullum Maƙerinta Ba

A kasuwar tsofaffin wuƙaƙen farauta ta Amurka da Turai, abin da ke yanke farashi shi ne sanin wanda ya ƙera wuƙar. Wuƙaƙe biyu na iya kama da juna kamar an tsaga kara, amma ɗaya ta ninka ɗayar kuɗi sau da yawa a wurin gwanjo. Don haka masu tara irin waɗannan kaya ba su dogara ga sunan da aka buga a gindin ruwan wuƙa shi kaɗai.

Dalili kuwa shi ne, tun da daɗewa manyan kantuna kan ba masana'antu kwangilar ƙera musu wuƙaƙe, sannan a buga sunan kantin. Alal misali, kamfanin Camillus na jihar New York, wanda ya rufe a 2007, ya daɗe yana yi wa kantunan Sears irin wannan aiki. Har ila yau, akan sayar da sunan kamfani bayan ya durƙushe. Haka ta faru ga Schrade a 2004, inda wani kamfanin ya sayi sunan, ya ci gaba da buga shi a kan wuƙaƙen da ake ƙerawa a ƙasar Sin.

Hanyar farko da masana kan bi ita ce binciken tambari. A birnin Sheffield na Ingila, ƙungiyar maƙeran wuƙa da aka kafa a 1624 ta riƙa rajistar alamomin 'ya'yanta, kuma wannan rajista na taimakawa wajen gane mai kowace alama.

Ta biyu ita ce dokar ciniki. Dokar harajin kwastan ta Amurka ta 1890 ta wajabta rubuta sunan ƙasar da aka yi kaya kafin a shigo da su. Saboda haka wuƙar Sheffield mai ɗauke da sunan Ingila galibi ta bayan wannan shekara ce, ko da mai sayarwa ya rantse ta girmi haka. Kamfanin Case kuma ya sauƙaƙa aikin: a 1970 ya buga ɗigo 10 a jikin wuƙaƙensa, yana rage ɗaya kowace shekara har 1979.

Ta uku ita ce aikin hannu. Ana duba yadda aka wasa ruwan, da abin da aka yi mariƙi da shi, fata ko ƙaho ko katako, da ɗinkin kube. Mai yin jabu na iya kwaikwayon tambari, amma da wuya ya daidaita waɗannan duka da zamanin da yake da'awa.

Abin lura ga mai saye shi ne, gogewa da wasawa fiye da kima kan shafe waɗannan shaidu, darajar wuƙar ta faɗi. Shi ya sa dillalai kan fi son tsohuwar wuƙa da dattinta da kubenta na asali.